Ranar da Aka Gasa Molon Japan

Idan ka sauka Tompkinsville, wata unguwa a tsibirin da ake hawa jirgin ruwa daga Manhattan a je, ka ce Dikko kake nema, sai an tambaye ka wanne, don akwai mai tasi, akwai na shagon waya. Amma kana cewa mai molon Japan, to magana ta ƙare, za a nuna maka gidan: hawa na biyu, saman shagon wata 'yar Laberiya mai sayar da busasshen kifi.

Mutumin Zariya ne, ya ɗan haura arba'in, dogo, mai sanyin magana, irin mutanen nan da za ka taka musu ƙafa su riga ka cewa sannu. A wani asibiti yake aiki a Manhattan, yana tura marasa lafiya a keke ko a gado, daga ɗaki zuwa wurin ɗaukar hoto, daga can ya maido su. Asabar da Lahadi kuwa shi ne DJ ɗin mutanenmu. Suna ne, ɗaurin aure ne, walimar dawowa daga Makka ce, daga Harlem har Bronx, Dikko ne da lasifikokinsa biyu. Ban da wannan yana da wata kusurwa a falo inda ya jibge kwamfuta da wayoyi, yana harhaɗa kiɗansa na na'ura. Matarsa Sauda injin markaɗe take kiran wurin. Kuma gaskiyarta, don duk ranar da ya yi ƙarfin hali ya saka nasa kiɗan a tsakiyar biki, sai ka ga mata sun koma kujera ɗaya bayan ɗaya, wata ta ɗaga murya ta ce, "DJ, don Allah canza mana!"

Son kiɗan nan ba a Amurka ya tsince shi ba. Yana yaro akwai wani tsoho mai molo a maƙwabtansu, wanda kullum da sanyin safiya zai fito ƙofar gida ya hura 'yar wuta, ya kanga molon yana jujjuya shi, yana ƙwanƙwasa fatar da yatsa har ta ɗaure, sannan ya fara kaɗawa. Dikko yakan raɓe jikin katanga ya yi ta kallo. Ran da ya kai hannu ya taɓa tsirkiya, labari ya riga shi isa gida. Mahaifinsa tela ne, ba mai yawan faɗa ba, amma ranar ya murɗe masa kunne ya ce gidansu ba gidan roƙo ba ne. Shi ke nan, abin ya kwanta masa a rai shekara da shekaru.

To ana nan, aka kwantar da wani tsoho ɗan Japan a asibitinsu, sunansa Minoru. Matarsa Etsuko, wata 'yar ƙaramar tsohuwa mai farin gashi fat, kullum tana gefen gadonsa. Wata rana da yamma ta roƙi Dikko ya tura mijin zuwa ɗan lambun da ke saman ginin ya sha iska. Suna isa ta buɗe wata doguwar jaka, ta zaro wani abu mai dogon wuya, da ɗan akwati mai kusurwa huɗu an rufe shi da farar fata, da tsirkiya uku. Ta ɗauko wani faffaɗan abu kamar na kankare fenti, ta doka.

Dikko bai san lokacin da ya ce, "Kai! Molo!" ba, da Hausa, da ƙarfi.

Tsohuwar ta dubo shi, ta ce da Turancinta, shamisen sunansa. Shi dai bai yi musu ba, amma a ransa ya riga ya yanke hukunci. Har wani ɗan zzzz da tsirkiyar sama ke yi bayan an doke ta, irin wanda makaɗanmu ke maƙala 'yan ƙarafa don su samu, duk yana nan. Ya tsaya riƙe da keken mara lafiya, tsigar jikinsa na tashi, sai da wayar aiki ta yi ta kuka a aljihunsa sannan ya tuna inda yake. Kafin su rabu ta ba shi lambarta, ta ce tana koyarwa.

Minoru bai tashi daga wannan ciwo ba. Da Dikko ya ji, sai ya yi abin da aka saba: ya kira, ya nemi kwatance, ya sa kaftani ya tafi har Harlem yin ta'aziyya. Tsohuwar ta daɗe a bakin ƙofa tana kallonsa, don ba ta taɓa jin inda mai tura keken asibiti ya biyo mamaci gida ba. Ta dafa masa wani koren shayi mai ɗaci, ba sukari ba madara, ya runtse ido ya shanye. Daga ranar Talata ta zama ranar darasi, don ita ce ranar hutunsa. Shi yana ce mata Malama, ita tana ce masa Dikko-san, irin girmamawar mutanensu.

Abu na farko da ya ba ta mamaki shi ne zamansa. Su a durƙushe ake kaɗa abin, mutum ya naɗe ƙafafu ya zauna a kan dugadugansa. Ta ce ɗaliban da ta yi a da, kafin duk su watse, wasu su bar gari wasu aiki ya cinye su, ba wanda ba ya kukan gwiwa. Dikko kuwa ya naɗe ya zauna daram. Ta tambaye shi a ina ya koya. Ya ce, "Malama, ai tun ina yaro nake irin wannan zaman sau biyar a rana." Wannan kaɗai ne abin da ya zo masa da sauƙi. Sauran kuwa wahala ce zalla. Wuyan shamisen sumul yake, ba wata alama da za ta nuna maka inda za ka danna. Bachi, wato faffaɗan abin dukan, riƙonsa ma sai ƙaramin yatsa ya yi kanta. Malama ba ta yabo. In ya yi kuskure ta ce, "Sake." In ya yi daidai ma ta ce, "Sake." Ya fi wata shida kafin ya gane bambancin biyun a muryarta.

Da ta ga da gaske yake, wata Talata ta shiga ɗaki ta fito da shamisen ɗin Minoru, a naɗe cikin takarda da ƙyalle. Ta ce ya tafi da shi gida ya riƙa gwaji, aro ne. A jikin fatar akwai wani wuri da ya yi duhu ya yi santsi, inda hannun mamacin ya shekara yana goga. Ta ja masa kunne a kan laima, ta ce kada ya bar shi a buɗe, kada ya ajiye shi kusa da taga. Ba ta ce komai game da wuta ba. Ta yaya ma za ta kawo wannan a ranta?

Nan fa injin markaɗe ya samu abokin hira. Dikko ya sayo ɗan ƙaramin makirufo da ake maƙala wa jikin abin kiɗa, da wata na'ura da ake takawa da ƙafa, wadda in ka kaɗa ɗan guntu za ta riƙe ta yi ta maimaitawa, kai kuma ka ɗora wani a kai. Ya sa kiɗan kwamfuta mai nauyi a ƙasa, ya sa kalangu can nesa-nesa, shamisen na yawo a sama. Da fargaba ya kunna wa Malama a waya, yana jiran faɗa. Ta saurara har ƙarshe ido a rufe, sannan ta ce, "Injin naka ba ya numfashi. Ko'ina ka cika. Ina wurin da mai sauraro zai zauna?" Ya koma gida ya yi ta cire abubuwa, yana barin gurbi, wurin da komai zai yi tsit sai zzzz ɗin tsirkiya kaɗai. Wata rana yana cikin yi, ya waiwaya ya ga Sauda a ƙofar kicin da ludayi a hannu tana gyaɗa kai. Da suka haɗa ido ta ce miya take dubawa. 'Yarsu Nuriyya kuwa, mai jin Hausa ta amsa da Turanci, cewa ta yi ya tura mata a waya ta kunna wa ƙawayenta. Rabon Dikko da farin ciki irin na ranar har ya manta.

Sai ga bikin sunan jikan Alhaji Faruƙ, dattijon da duk ɗan arewan da ya sauka tsibirin nan sai ya ci tuwon gidansa. A bayan gidansa aka yi taron, cikin watan Agusta, kuma shi da bakinsa ya ce Dikko ya zo da molon nan a ji. An kwana ana ruwa, gari ya wayi da wani irin gumi, iska ta yi nauyi kamar a ɗakin wanka. An kafa rumfa, mata sun sha ado, Kassim mai suya, mutumin zangon Kumasi, ya hura gawayinsa a gefe, ƙamshi ya cika unguwa.

Bayan la'asar Dikko ya shimfiɗa darduma, ya naɗe ƙafa, ya kunna na'ura. Kiɗa ya ɗauka, dum, dum, mutane suka juyo. Ya ɗaga bachi ya doka. Buf. Ya sake. Buf, kamar ana kakkaɓe katifa. Laima ta shiga fatar ta saki. Gumi ya karyo masa.

Alhaji Faruƙ ya leƙo daga kujerarsa ya ce, "Fatar ce ta sha sanyi. Gasa shi mana!"

Nan take wurin ya ɗauka. Wani mutumin Maraɗi ya ce wallahi haka ake yi, kakansa ma haka yake yi wa gurmi. Wata hajiya ta ce ko ganga ai sai ta ji wuta. Kassim ya matsar da tsirensa gefe ya ce, "Masta, kawo shi nan, wuta ya yi daidai." Kada kuma a ɗora wa jama'a laifin duka, don shi kansa Dikko tsohon maƙwabcinsu ne ya faɗo masa a rai, da 'yar wutarsa ta safe. A ganinsa ma ilmi ne ya tuno.

Ya kanga shamisen a gefen garwashi yana jujjuyawa, yana ƙwanƙwasawa da yatsa. Tum. Can sai tam. Can sai tan, murya ta fara fitowa tangaran. Dattawa suka hau gyaɗa kai, kowa na jin shi ya kawo shawarar.

Alhaji ya ce, "Ƙara kaɗan."

Tas!

Fatar molo kauri gare ta, ta san wuta. Wannan kuwa siririya ce kamar takarda, an ja ta iya ja an manne da gam. Ta tsage tun daga wannan kusurwa har waccan, ta ratsa ta tsakiyar wurin nan mai duhu. Wurin ya yi tsit, ba mai ko tari, sai na'urar Dikko da ba wanda ya tuna ya kashe, tana ta dum, dum, ita kaɗai. Wata mata ta ce, "Innalillahi." Kassim ya ɗora hannu a ka ya ce, "Ei!"

Dikko ya naɗe abin cikin takardarsa, ya gama wa mutane bikinsu da waƙoƙin da suka saba, ya koma gida. Abin da ke cin ransa ɗaya ne: amanar matar nan ya ƙona, abin mijinta da ta raba da ɗakinta ta miƙa masa, kuma in ta gani shi da darasi har abada. Ya bincika, ya ji akwai masu sa sabuwar fata, har ta roba ma ana yi yanzu. Amma wa zai mayar masa da gurbin hannun Minoru?

Talata ta zo, ya shirya, ya kai har bakin jirgin ruwa, ya juyo. Wayarsa ta yi ƙara, ya ga sunan Malama, ya kifa ta. Wata Talatar ma haka. Kunya ta hana shi zuwa, rashin zuwan ya ƙara masa wata kunyar a kai. Ya daina taɓa kwamfuta, tuwo ma sai ya tsakura ya ture.

Sauda ta zuba masa ido har ta gaji. Wata safiya ta ajiye masa koko ta ce, "Abban Nuriyya, wai ɓuyan nan ɗinke fatar zai yi? Ka yi wa tsohuwa ɓarna, ka kuma bi ta da shiru. A gidanku haka aka koya maka?"

Ya ce, "To da wane ido zan kalle ta?"

Ta ce, "Wa ya ce kai kaɗai za ka? Ana zuwa ban haƙuri ba manya? Waɗanda suka ce a gasa ai suna nan da ransu."

Alhaji Faruƙ bai ko bari ya gama bayani ba. Ya ce, "Ni na ce a ƙara kaɗan, da ni za a je." Kassim ya ce wutarsa ce, shi ma ba a barinsa. Ranar Talata Alhaji ya sha babbar riga da hula zanna, Kassim ya zo da tsire a naɗe a takarda, aka sayi goro fari manya, Sauda ta cika kwano da dambun nama. Haka suka hau jirgin ruwa, suka shiga jirgin ƙasa, Dikko na rungume da jaka kamar mai ɗauke da mara lafiya. A hanya Kassim ya yi ta tambaya, "Tsohuwan yana da zafi?"

Malama ta buɗe ƙofa ta ga ƙarti uku sun tuɓe takalma sun tsuguna a barandar bene. Ta dafe ƙirji ta ce, "Wa ya mutu?"

Alhaji ya ce ba kowa, lafiya lau. Aka shiga. Falon nata ɗan mitsitsi ne, babbar rigar Alhaji kaɗai ta cinye rabi. Ya gyara murya ya ɗauko jawabi da Turancinsa na tsofaffin ma'aikata: cewa yaron nan nasu ne, sun san shi sun san halinsa, ba mai wasa da amana ba ne, kuma laifin da aka yi na jama'a ne, su ne manyan da suka ba da gurguwar shawara. Ya tura goro gabanta. Ita dai kallonsu take, ba ta gane inda aka dosa ba, har sai da Dikko ya buɗe jaka ya warware takardar.

Ta sa yatsa ta bi tsagar a hankali, da ta kai wurin mai duhu ta tsaya. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, kowa ya gani a fuskarta. Dikko ya sunkuyar da kai, ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige.

Ta ce, "Faɗuwa ya yi?"

Kassim ne ya yi bayani, da hannu da ƙafa, har yana nuna yadda aka jujjuya shi.

Ta ce, "Kun gasa shi? A wutar nama?"

Suka ce e.

Ta rufe baki da tafin hannu, kafaɗunta suka hau rawa. Alhaji ya fara "Haƙuri, Madam, haƙuri," sai suka ga ashe dariya ce ta ci ƙarfinta, ga kuma hawaye na zuba, duka biyun a haɗe. Ta ce shekara hamsin tana wannan sana'a, ta ga wanda aka zauna a kai, ta ga wanda aka manta a mota, amma gasashshe yau ta fara gani. Ta ce da Minoru na nan da sai ya nemi a nuna masa mai naman.

Sannan ta share ido, ta juyo kan Dikko, dariyar ta ɗauke.

Ta ce, "Fata takan yage, Dikko-san. A garin nan ba ta daɗewa, shi kansa Minoru ya canza ta ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Na san wannan ce ta ƙarshe da hannunsa ya taɓa, kuma na sani sarai ran da na ba ka. In don ta zauna lafiya ne ai da na bar ta a ɗaki." Ta ƙara da cewa, "Amma duk Talatar nan ina dafa shayi na mutum biyu. Ina zama a nan har ya huce in zubar. Na ce shi ke nan, shi ma ya tafi kamar sauran. Kai kaɗai ka rage mini, ba ka sani ba?"

Wallahi bai sani ba. Ko kuma ya sani bai taɓa tsayawa ya duba ba. Duk kwanakin nan fata yake wa kuka, bai ko tuna da mai zaman jiransa ba. Ya buɗe baki, ba abin da ya fito sai "Malama," hawaye suka zubo masa a gaban Alhaji da Kassim, bai kuma damu ya ɓoye ba. Alhaji ya kau da kai yana gyaran hula.

Ta tashi ta shiga ɗaki. Suka ji motsin buɗe akwati. Ta fito da nata shamisen ɗin, wanda bai taɓa ganin ta bar wani ya riƙe ba, ta ɗora masa a cinya da hannu biyu. Ta ce na Minoru za a aika a sa masa sabuwar fata, kafin nan ya riƙe wannan.

Ta ɗaga masa yatsa. "Wannan kuma ba a gasawa."

Kassim ya ce, "Mama, ko kusa da wutana ba zai zo ba."

Ta dubi agogon bango ta ce lokacin darasi ya riga ya shiga, baƙi su matsa can jikin bango. Ta zuba musu koren shayi. Alhaji Faruƙ ya kurɓa, fuskarsa ta yamutse, ya waiga ko zai ga sukari, bai gani ba, ya haɗiye don girma. Dikko ya goge fuska da hannun riga, ya naɗe ƙafafu, ya ɗaga bachi. Dukan farko ya zame.

Malama ta gyara zama a gabansa ta ce, "Sake."